BYANG KATO, ALMAJIRIN DA YA CI GUMINSA

Karatu: Luka 16:10-12, 2 Timotawus 2:15, Ayyukan Manzanni 5:1-11

An haifi Byang Henry Kato a shekara ta 1936 a Kwoi, cikin ƙasar Jaba, wadda yanzu take kudancin Jihar Kaduna. Tun yana jariri ubansa ya keɓe shi domin ya gāje shi a hidimar addinin kakanninsu. Amma Allah ya riga ya shirya masa wani aiki dabam.

Sa'ad da yake yaro, sai ya riƙa jin wa'azin masu mishan na SIM, ransa kuwa ya so makaranta ƙwarai. Ubansa ya ƙi, gama yana bukatarsa a gona. Da aka yi ta roƙo, daga baya ya yarda, amma da sharaɗi cewa ba za a bar noma ba. Saboda haka yaron ya haɗa fartanya da littafi. Yana da shekara wajen 12 ya ji labarin Nuhu da jirgi daga bakin malaminsa, ya ba da gaskiya ga Yesu Kristi, aka yi masa baftisma a 1948.

A 1955 ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, a ƙasar Yarabawa, ya gama a 1957. Ya komo Arewa yana koyarwa a makarantun Littafi Mai Tsarki. To, a nan ne abin koyi yake. Kato bai sami shiga sakandare kamar waɗansu ba, ga iyali, ga aiki, albashi kuwa kaɗan ne. Duk da haka bai nemi gajeriyar hanya ba. Ya ɗauki darussa ta gidan waya, yana karatu bayan ya tashi daga aiki, har ya ci jarrabawar GCE ta fari a 1961, ta sama kuma a 1963. Da wannan ya sami shiga London Bible College a Ingila, ya fito da digiri na Jami'ar Landan.

A 1967 aka zaɓe shi babban magatakardan ECWA, ya riƙe aikin a cikin kwanakin yaƙin basasa. A 1970 ya tafi makarantar tauhidi ta Dallas a Amurka, ya karɓi digirin dakta a 1974. Tun 1973 aka naɗa shi babban magatakardan ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaskar, wadda mazauninta yake Nairobi, shi ne kuwa ɗan Afirka na fari da ya riƙe wannan matsayi. Littafinsa mai suna Theological Pitfalls in Africa ya fito a 1975. A watan Disamba na wannan shekara ya nutse a teku kusa da Mombasa, a Kenya, yana da shekara 39 kaɗai.

Abin da ya fi damunsa shi ne kada ikilisiya ta yi yawa, iliminta kuwa ya zama marar zurfi. Ya yi ta kira a kafa makarantun tauhidi masu nauyi, da hukumar da za ta auna su, domin takardar shaida ta zama shaidar gaskiya. Bayan rasuwarsa aka kafa wannan hukuma, wato ACTEA, a 1976, aka kuma buɗe makarantu a Bangui da Nairobi.

Ya kai ɗan makaranta, ko a Sheda kake, ko Kwali, ko wani wuri, jarabar da take gabanka ba ta zo wa Kato da wannan kama ba. Tun daga fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, na'ura mai ƙirƙirarriyar basira tana iya rubuta maka aikin gida kafin ka sha ruwa. Na'urar ba zunubi ba ce, yadda ƙamus ba zunubi ba ne. In malaminka ya yarda, ka yi amfani da ita, ka kuma faɗa. Amma in ka sa sunanka a kan abin da ba kai ka yi ba, ka yi ƙarya. Laifin Hananiya da Safiratu ba ƙarancin kuɗin da suka kawo ba ne, sai dai nuna abin da ba haka yake ba. Banda wannan kuma, wanda ya sayi sakamako da ha'inci, ran da aka miƙa masa marar lafiya, ko aji, ko bagadi, me zai ba su? Da Kato ya yi haka, da ba shi da abin faɗi sa'ad da ya tsaya gaban taron Lausanne a 1974.

Tambayoyi

1. Waɗanne wahalai ne Kato ya sha kafin ya sami ilimi?
2. Bisa ga Luka 16:10, me aikin gida yake nunawa game da halin mutum?
3. Ina bambanci tsakanin neman taimako da yin ha'inci?
4. In ka riga ka miƙa aikin da ba naka ba, me ya kamata ka yi yanzu? Dubi 1 Yahaya 1:9.