Melchior de Marion Brésillac: Bishop ɗin da ya rasu mako shida da isarsa Saliyo

Kwana 42 kacal Bishop Melchior de Marion Brésillac ya yi a Saliyo kafin ajali ya cim masa, amma ƙungiyar da ya kafa ce ta kai ɗarikar Katolika arewacin Najeriya.

An haife shi ranar 2 ga watan Disamban 1813 a garin Castelnaudary da ke kudancin Faransa. Ya zama limamin coci a 1838, sannan a 1842 aka tura shi Indiya. A 1846 aka naɗa shi bishop, aka damƙa masa yankin Coimbatore.

A can ne ya tsaya kai da fata cewa coci ba za ta yi saiwa a wata ƙasa ba muddin ba a horar da 'ya'yan ƙasar sun zama limamai sun karɓi ragama ba. Ya kuma damu da yadda tsarin fifita mutane bisa asalin haihuwa ya bi mabiya har cikin coci. Ra'ayinsa ya haddasa saɓani tsakaninsa da wasu abokan aikinsa, har ya ajiye muƙaminsa, fadar Fafaroma ta amince a 1855.

Daga nan ya karkata ga Afirka. Ranar 8 ga Disamban 1856 ya kafa Ƙungiyar Mishan ta Afirka, wadda aka fi sani da SMA, a birnin Lyon na Faransa, ya kuma zama shugabanta na farko. Dahomey ya so zuwa, wato Jamhuriyar Benin ta yau, amma sai aka ba shi Saliyo.

Ya sauka a Freetown ranar 14 ga Mayun 1859, a lokacin da cutar shawara ke ɗibar rayuka a birnin. Ya rasu ranar 25 ga Yuni yana da shekara 45. Abokan aikinsa huɗu ma cutar ta kashe su a cikin watan.

Duk da wannan rashi, ƙungiyar ba ta wargaje ba. Fada Augustin Planque ya karɓi jagoranci, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1907. Limamanta sun isa Dahomey a 1861, Lakwaja a 1884, sannan Shendam da ke jihar Filato ta yanzu a 1907, daga baya aikin ya bazu zuwa Jos da Kaduna da Kano.

A 2020 Fafaroma Francis ya amince da nagartar halayensa, matakin da ke share fagen ayyana mutum a matsayin waliyyi. A yau bishop-bishop na Kaduna da Jos da Kano da Sakkwato duk 'yan Najeriya ne, abin da ya yi ta fafutuka a kai tun yana Indiya.