Imam Gazali: marayan da haƙuri ya ɗaukaka

An haifi Imam Abu Hamid al-Gazali a garin Tus da ke ƙasar Iran ta yanzu a shekarar 1058.

Tun yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, ya bar shi da ƙanensa Ahmad a hannun wani abokinsa sufi. Da ɗan abin da ya bar musu ya ƙare, sai suka shiga makarantar da ake ciyar da almajirai.

Juriya da naci suka kai shi gaban Imamul Haramaini a Naisabur. A shekarar 1091 waziri Nizamul Mulk ya naɗa shi malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, muƙamin da ya ajiye a 1095 don ya horar da zuciyarsa.

A littafinsa Ihya'u Ulumiddin ya shawarci iyaye da kada su sangarta yaro, su koya masa kame kai wajen ci da sutura, su yaba masa idan ya kyauta, su rage yi masa faɗa, kuma su bar shi ya yi wasa bayan karatu, domin hana shi wasa kan dushe basirarsa.

Ya rasu a Tus a shekarar 1111.