Tarihin Dakta Hugh Young, likitan da ya fara tumɓuke sankarar furostat

Masu karatu, a filinmu na tarihin manyan mutane na yau mun ɗauko rayuwar wani likita ɗan ƙasar Amurka, Dakta Hugh Hampton Young. Ko ba ku taɓa jin sunansa ba, da yawanku sun san aikin hannunsa, don kuwa jan maganin nan merkurokurom da ake shafa wa yaro a dā in ya gurje, shi da abokan aikinsa suka bayyana shi a 1919. Amma babban abin da ya bari shi ne tiyatar sankarar furostat, cutar da ta yi ajalin Houphouët-Boigny na Kot Dibuwar a 1993, da Mitterrand na Faransa a 1996, da Mobutu na Zayar a 1997.

An haifi Young ranar 18 ga Satumba 1870 a garin San Antoniyo na jihar Teksas. Ya gama karatun likita a Jami'ar Birjiniya a 1894, daga nan ya tafi asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimo, ƙarƙashin shahararren mai tiyata William Halsted. A 1897, yana ɗan shekara 27, Halsted ya damƙa masa sashen cututtukan mafitsara, duk da ya faɗa wa maigidan nasa cewa bai san komi a fannin ba. A nan ya yi sauran rayuwarsa.

Ita furostat wata tsoka ce mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, magudanar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. In namiji ya manyanta takan kumbura ta matse hanya, fitsari ya riƙa zuwa da wuya. Yawancin wannan kumburi ba sankara ba ne, amma wani lokaci sankara ce. A bayanta kuma akwai wasu ƴan jakunkuna guda biyu masu haɗa mafi yawan ruwan maniyyi, suna zuba shi ta cikin furostat ɗin.

Young ya fara da cire kumburin da ke tare wa tsofaffi fitsari, sai ya lura a cikin abin da yake cirewa akan samu sankara ɓoye. Da ya bi sawun cutar, ya gano cewa in za ta fita daga furostat, ɗaya daga cikin hanyoyin da takan bi ita ce ta haura zuwa jakunkunan nan na maniyyi. Ke nan wanda ya cire furostat ya bar jakunkunan, ya yi noma ya bar saiwar ciyawa. Ranar 7 ga Afrilu 1904, da taimakon Halsted, ya yi tiyatar farko inda ya ɗauke furostat ɗungurungum tare da jakunkunan biyu. A 1905 ya buga bayanin masu cutar su 40 da ya bincika, amma mutum 4 ne kawai aka yi wa wannan aiki. Abin da ya dage a kansa tun lokacin shi ne a gano cutar da wuri, likita ya taɓa furostat da yatsa ta dubura, ya ji ko akwai tauri.

Har yanzu haka ake yi. Bayan tiyata akan kai abin da aka cire ɗakin bincike a duba shi da madubin likita. In sankarar tana cikin furostat kaɗai, mafi yawan mutane sun rabu da ita ke nan. In kuwa ta shiga bangon jakunkunan maniyyi, abin da likitoci ke rubutawa T3b, to haɗarin dawowarta ya ƙaru sosai, domin wurin yana da hanyoyin jini da na kaluluwa da ƙwayoyin cutar kan bi su tafi har cikin ƙashi. Wannan ba hukuncin mutuwa ba ne. Ma'anarsa mutum bai gama da likita ba. Za a riƙa auna masa jini, awon da ake kira PSA, wanda ya kamata ya ɓace bayan tiyata. Da zarar ya fara tashi sai a ƙara da gashi na na'ura, wani lokaci da allurar rage sinadarin mazakuta da sankarar ke rayuwa da shi, hanyar da Dakta Charles Huggins ya gano a 1941. Da yawa sun yi shekaru masu yawa a haka suna harkokinsu.

Ƴan kasuwa ma suna da hannu cikin wannan tarihi. A 1912 wani attajiri dillalin kayan jirgin ƙasa, James Brady, wanda ake wa laƙabi da mai lu'ulu'u saboda son adonsa, ya zo da ciwon fitsari. Young ya yi masa aiki ya samu sauƙi, shi kuma ya ba da dalar Amurka dubu 220 aka gina cibiyar cututtukan mafitsara mai sunansa, aka buɗe ta a 1915. A 1917 Young ya kafa mujallar likitocin wannan fanni, ya kuma tafi Faransa da sojojin Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya yana yaƙi da cututtukan sanyi. Ya mutu ranar 23 ga Agusta 1945 yana da shekara 74. A cibiyar tasa ne, a 1982, Dakta Patrick Walsh ya gyara tiyatar yadda za a iya kare jijiyoyin ƙarfin namiji.

To jama'ar Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, bincike ya nuna cutar ta fi kama baƙar fata, ta fi kama wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta, kuma da farko ba ta ciwo. Namijin da ya kai shekara 45 zuwa 50 ya kamata ya tambayi likita zancen awon PSA. Iyayenmu mata ƴan kasuwa, ku kuka san sau nawa maigida ke tashi da buta cikin dare. In fitsari na yankewa, ko da jini, ko ga ciwon ƙugu da ya ƙi ƙarewa, kada a tsaya ga mai tallar magani na ranar kasuwa, kada kuma kunya ta hana magana. A je likitar gunduma, in da bukata a tura shi Maraɗi ko Yamai, tun cutar ba ta ƙetare iyaka ba.

Allah ya ba mu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.