James Madison, Uban Tsarin Mulkin Amurka

An haifi James Madison ran 16 ga watan Maris, 1751, a Bajiniya, zamanin da Amurka ke ƙarƙashin mulkin Ingila. Mahaifinsa babban manomin taba ne mai gandu da bayi. Ya yi karatu a kwalejin da yanzu ake kira Jami'ar Princeton, ya gama a 1771.

Bayan samun 'yancin kai, majalisun waɗansu jihohi suka shiga buga kuɗin takarda da kafa dokokin sassauta wa waɗanda ake bi bashi. A 1786 kuma manoman Massachusetts da bashi da haraji suka yi wa katutu suka ɗauki makamai, suka hana kotuna zama. Wannan al'amari ya tayar wa Madison hankali ƙwarai. A ganinsa, bambancin dukiya shi ne babban abin da ke raba jama'a, in kuwa aka sakar wa masu rinjaye linzami, marasa hali za su haɗa kai su danne masu hali.

Da wannan tunani ya halarci taron Filadelfiya a 1787, inda aka tsara dokokin mulkin ƙasar. Ya goyi bayan jama'a su zaɓi Majalisar Wakilai da kansu, amma ya nemi a kafa Majalisar Dattawa mai dogon wa'adi don ta riƙa taka musu birki. Aka tsaya a kan shekara 6, majalisun jihohi ne kuma suka riƙa zaɓen dattawan har 1913. Aka kuma hana jihohi buga kuɗi. Shi ne ya tsara gyare-gyaren da aka tabbatar a 1791, ciki har da wanda ya hana gwamnati karɓe dukiyar mutum ba tare da diyya ba.

Sai dai dukiyar da ake karewa ta haɗa da 'yan Adam. Madison ya mallaki bayi fiye da 100 a gandunsa na Montpelier, bai kuwa 'yanta su ba, ko a cikin wasiyyarsa.

Ya shugabanci Amurka daga 1809 zuwa 1817. Da tsufa ya kama shi ya sassauta ra'ayinsa, ya yarda cewa hana marasa fili ƙuri'a ya saɓa wa adalci, tun da dokar da aka kafa su ma tana kansu. Ya rasu ran 28 ga watan Yuni, 1836, yana da shekara 85.