Kamaron Taunsen, Mai Tallan Littafi da Ya Koma Ɗan Makaranta a Hannun Mutanen Maya

'Yan'uwa, kudu da ƙasar Meksiko akwai wata ƙasa mai duwatsu da sanyi, sunanta Gwatemala. Mutanenta na asali ana ce da su Maya. Tun da daɗewa kakanninsu suka gina manyan birane na dutse, suna da rubutu nasu, sun kuma san lissafin taurari da na kwanaki. A shekara ta 1524 Turawan Sifen suka zo da dawakai da bindigogi suka ci ƙasar. Daga ran nan Sifaniyanci ya zama harshen mulki da na shari'a da na makaranta, amma Maya ba su bar harsunansu ba. Harsunan nan sun fi 20 a Gwatemala kaɗai. Ɗaya daga cikinsu shi ne Kakcikel, na mutanen da ke zaune yamma da babban birni har bakin tafkin Atitlan. Wurin waɗannan ne wani saurayi Ba'amurke ya tafi tallan Littafi Mai Tsarki, da nufin ya yi ɗan lokaci ya koma gida. Sai da ya shekara goma sha biyar.

Sunansa Wilyam Kamaron Taunsen. An haife shi ran 9 ga Yuli, 1896, a jihar Kalifoniya. Ubansa talaka ne, manomi, kurma kuma, yana noma gonakin haya, bashi bai taɓa rabuwa da gidan ba. Amma kowace safiya yakan buɗe Maganar Allah ya karanta wa iyalinsa kafin a fita gona. Yaron ya yi ƙoƙari a makaranta har ya shiga wata kwaleji a birnin Los Anjeles. A can ya sa hannu cikin ƙungiyar 'yan makaranta masu ba da kansu domin aikin bishara a ƙasashen waje, ko da yake a lokacin zuciyarsa ba ta ƙuna sosai ba. Shi kansa bai ɓoye wannan ba daga baya.

A 1917 Amurka ta shiga yaƙin duniya na fari, Taunsen kuwa ya riga ya rubuta sunansa cikin soja. A shekaran nan wani gidan sayar da Littafi Mai Tsarki na Los Anjeles yana neman samari da za su tafi talla a tsakiyar nahiyar Amurka. Wata mace mai aikin mishan, wadda ta zo hutu daga Gwatemala, ta tsauta wa Taunsen da abokinsa Robinson ƙwarai, ta kira su matsorata, gama samari dubbai suna tafiya yaƙi, an bar wa mata aikin Ubangiji. Maganan nan ta soke shi. Ya nemi a sallame shi daga soja, aka kuwa yarda. Shi da Robinson suka shiga jirgin ruwa, yana ɗan shekara 21.

Farkon aikinsa abin dariya ne. A garin Antigwa aka sa shi ya fita titi ya yi shaida da ɗan Sifaniyancin da ya haddace. Ya yi ta wuce mutane, tsoro ya hana shi buɗe baki. Da ya yi ƙarfin hali ya tambayi wani mutum ko ya san Yesu, sai mutumin ya ce masa shi ma baƙo ne a garin, bai san mai wannan suna ba. Ashe a ƙasan nan maza da yawa sunansu ke nan, mutumin yana tsammani ana cigiyar wani maƙwabci ne. Saurayin ya koma masauki da kunya, ya durƙusa, yana gani kamar ya yi tafiyar banza.

Allah ya tanada masa abokin tafiya, wani mai bi Bakakcikele, Faransisko Diyas, wanda ya girme shi da shekaru masu yawa. Wajen shekara guda suna yawo tare, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci bisa alfadari, daga Gwatemala zuwa Salbado da Honduras da Nikaragwa. Suna kwana inda dare ya yi musu, suna cin wainar masara da wake. A hanyan nan idon Taunsen ya buɗe. Littattafan da ya ɗauko duka da Sifaniyanci suke. Fiye da rabin mutanen Gwatemala kuwa Maya ne, yawancinsu ba su iya karatu ba, da yawa ba su jin Sifaniyanci sai ɗan abin ciniki a kasuwa, mata ma ko wannan ba su da shi. An yi musu baftisma a ikilisiyar Katolika tun zamanin kakanni, suna haɗa wannan da al'adun gargajiya, amma Sabon Alkawari ba ya hannunsu da bakinsu.

Ya kuma ga yadda ake cin zalinsu. Masu manyan gonakin kofi sukan ba talaka bashi kaɗan, sau da yawa ranar buki sa'ad da ya sha barasa, su rubuta a takardar da ba ya iya karantawa. Daga nan mutum ya zama kamar bawa, yana aiki shekara da shekaru bashin ba ya ƙarewa. A hanya ana ganinsu da kaya masu nauyi a baya, an ɗaura da igiya a goshi, kamar dabbobin dako. Har cikin ɗakin sujada ma akwai masu bi da ke jin Sifaniyanci waɗanda ba su so su zauna kusa da su.

Diyas ne ya matsa masa lamba. Ya nuna masa cewa masu aikin mishan duk sun tafi wurin masu jin Sifaniyanci, ba wanda ya kula da mutanensa, ya roƙe shi ya zo garinsu ya zauna, su buɗe makaranta. A ganina nan ne tushen labarin duka. Ana yawan ba da shi kamar baƙo ne ya zo da dabara daga ƙasarsa, alhali kuwa kiran ya fito daga bakin ɗan ƙasa wanda ke ɗaukar masa kaya. Diyas bai ga littafin da ya roƙa ba, gama ya mutu tun aikin yana farko.

A 1919 Taunsen ya auri Elbira Malmstrom, wata 'yar mishan daga Shikago, suka shiga ƙarƙashin Mishan ta Tsakiyar Amurka, suka zauna a San Antoniyo, garin Diyas, kusa da Antigwa. Gidansu na farko da itace da karan masara aka yi shi. Suka buɗe makarantar yara, da ɗan wurin ba da magani, daga baya har da injin gyaran kofi domin ƙananan manoma su sami abin hannunsu ba sai sun ci bashi ba. Elbira ta sha fama da rashin lafiya, zaman gidan kuwa bai zo musu da sauƙi ba.

Sa'an nan ya fara koyon harshen, nan fa ya gamu da dutse. Kunnensa ba ya rarrabe sautuka. Kakcikel yana da irin k har huɗu, biyu a ganɗa, biyu can cikin maƙogwaro. Mai jin Hausa da ya fi shi saurin kamawa, domin suna da sauti irin namu na ƙ da ts, da wani mai kama da ɓ. Ku tuna yadda baƙo ke fama kafin ya raba kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, haka shi ma ya sha dariyar yara. Kalmar aiki kuma ta fi wannan wuya. A harshen nan kalma guda takan ɗauki gutsattsari a gabanta da bayanta, su nuna wanda ya yi, da wanda aka yi wa, da lokaci, har da ko zuwa aka yi ko tafiya. Da fari ya yi ƙoƙari ya cusa harshen cikin nahawun Latin da ya koya a makaranta, abin ya ƙi. Wani masani Ba'amurke mai binciken kufan biranen Maya ya ba shi shawara ya bar wannan, ya zauna ya ji yadda harshen ya shirya kansa. Da ya bi shawaran nan sai ya ga harshe ne mai tsari, ba abin da ba za a iya faɗi da shi ba.

Ba kowa ya yi murna da aikin ba. Waɗansu manyan mishan ɗinsa suna ganin ɓata lokaci ne. A tunaninsu harsunan Maya suna bakin mutuwa, gara a koya wa mutane Sifaniyanci, kada kuma a raba ikilisiya gida biyu. Kada mu yi saurin zaginsu, gama ma'aikata kaɗan ne, kuɗi kaɗan, tsoron tsattsaguwa kuma ba wauta ba ce. Amma shekara ɗari ta wuce, mutane dubu ɗaruruwa suna magana da Kakcikel har wa yau. A 1921 Taunsen da waɗansu masu ra'ayi irin nasa suka taru a garin Cicikastenango, suka ɗaura niyyar kai bishara ga Maya da harsunansu. A wurin taron akwai wani mai wa'azi, Legtas, wanda ya zama abokin aikinsa na kusa. Shekara ta gaba, 1922, Robinson ya nutse a tafkin Atitlan ya mutu. Aka buɗe makarantar koyar da masu bishara 'yan ƙasa a Panahacel, bakin tafkin nan, aka sa mata sunansa.

Juyin Sabon Alkawari ya ci shekara goma. Ya fara da Bisharar Markus. Ba shi kaɗai ya yi ba, ya kamata a riƙe sunayen waɗanda suka zauna tare da shi aya aya: Margarito Otsoi, da Tirinidad Bak, da Hose Cikol. Su ne suka san inda magana ta yi daɗi a kunne da inda ta yi ƙarnin baƙo. An gama a watan Oktoba 1929 a Kalifoniya, ya bar kalmomi biyu na ƙarshen Ru'ya ta Yohanna domin uwarsa da ubansa su rubuta da hannunsu. Aka buga littafin a 1931, Kakcikel da Sifaniyanci tare, aka miƙa na fari ga shugaban ƙasa, Horhe Ubiko. Shekara guda bayan wannan, a 1932, Littafi Mai Tsarki dukansa ya fito da Hausa. Da yake littafi ba shi da amfani a hannun wanda bai iya karatu ba, Taunsen ya shirya ƙananan littattafan koyon baƙaƙe, suka yi ta koya wa manya da yara.

Mishan ta so ya zauna ya yi kiwon ikilisiyoyin da suka tsiro. Shi kuwa hankalinsa ya riga ya tafi ga sauran kabilu da ba su da ko aya ɗaya. Ya lissafta, ya ga idan harshe guda ya ci shekara goma, mutum ɗaya ba zai kai ko'ina ba, sai an koya wa waɗansu hanya. Ya bar Gwatemala a 1932, tarin fuka ya kwantar da shi. Da ya warke, shi da Legtas suka buɗe makarantar damina a wata tsohuwar gona a jihar Akansas a 1934, suka sa mata sunan Waiklif, mutumin Ingila wanda aka fara juya Littafi Mai Tsarki duka da Turanci a ƙarƙashinsa. Almajirai biyu kaɗai suka zo, suna zama bisa gangunan ƙusa. Hose Cikol yana wurin, shi ne ke furta musu sautukan harshensa su rubuta. Daga wannan ƙaramin abu aka sami makarantar ilmin harsuna da ake kira SIL, da ƙungiyar masu juyi ta Waiklif, wadda aka kafa sosai a 1942.

Sauran rayuwarsa tafiya ce. Ya zauna a wani ƙauyen Meksiko, Tetelsingo, inda shugaban ƙasa Lasaro Kardenas ya ziyarce shi a 1936, ya ga lambun da ya yi wa mutane da littattafan karatu, suka zama abokai. Elbira ta mutu a 1944, ya auri Elen Milki a 1946, suka tafi Peru. A 1947 ƙaramin jirgin sama ya faɗi da su a Ciyapas ta Meksiko, ƙasar waɗansu Maya kuma, suka ji rauni ƙwarai. Wannan ya sa ya kafa sashen jirage da rediyo na aikin a 1948. A Ciyapas ɗin nan ne wata almajirar makarantarsa, Mariyana Silokum, wadda saurayinta ya mutu saura kwana shida aurensu, ta tafi ita kaɗai wurin Maya masu harshen Tseltal, har Sabon Alkawarinsu ya fito a 1956.

An yi ƙara a kansa, ba kuwa duka ne ƙarya ba. A gaban gwamnatoci yakan gabatar da mutanensa da sunan masana harsuna, a gaban ikilisiyoyi kuma da sunan masu mishan. Waɗansu masu bi suka ga wannan kamar fuska biyu ce, waɗansu masana kuma suka ce aikin yana raba garuruwa yana rushe al'adu. A 1979 gwamnatin Meksiko ta soke yarjejeniyarta da SIL. Juyinsa na Kakcikel ma bai wadatar da kowa ba, domin karin harshen ya bambanta gari da gari, sai da aka sake juyawa daga baya.

Aikin ya iso nahiyarmu, Gana a 1962, Kamaru a 1969. A nan akwai abin da ya shafe mu, 'yan'uwa. A ikilisiyoyi da yawa na ƙasashenmu Hausa ce ke zaune a mazaunin da Sifaniyanci ya zauna a Gwatemala. Mai wa'azi yana zuba Hausa, maza masu zuwa kasuwa suna bi, tsofaffin mata a baya suna amsa amin ba su kama rabin abin da aka faɗa ba. Mun saba da wannan har ba mu gani.

Da ya tsufa ya yi ta zuwa Tarayyar Sobiyet tun daga 1968, yana duba harsunan duwatsun Kaukasus, yana koyon Rashanci yana da shekara fiye da 70. Ciwon daji na jini ya kama shi, ya mutu ran 23 ga Afrilu, 1982, yana da shekara 85. Aka binne shi a Waksho, jihar Karolina ta Arewa, kusa da filin jiragen aikin.