Alexis de Tocqueville: Ɗan manyan Faransa da juyin juya hali ya kusa hana a haife shi

Shekara 11 kafin a haifi Alexis de Tocqueville, iyayensa Hervé da Louise suna tsare a kurkuku a birnin Paris, suna jiran a fille musu kai. Laifinsu shi ne fitowa daga gidan sarauta a lokacin juyin juya halin Faransa.

Kakan Louise, wato Malesherbes, yana cikin lauyoyin da suka kare Sarki Louis na 16. A watan Afrilun 1794 aka kashe shi, aka kuma kashe mahaifin Louise da mahaifiyarta da 'yar'uwarta. Faɗuwar Robespierre, jagoran masu tsattsauran ra'ayi, a watan Yuli ce ta ceci ma'auratan. Hervé ya fito da furfura alhali bai wuce shekara 22 ba.

An haifi Alexis a Paris ranar 29 ga Yulin 1805, shi ne auta a cikin maza uku. Ya karanci shari'a, ya zama ƙaramin alƙali a Versailles.

A 1831 ya tafi Amurka tare da abokinsa Gustave de Beaumont domin nazarin gidajen yari. Wata tara da suka yi a can ne suka haifar da littafinsa kan dimokuraɗiyyar Amurka, wanda ya fito kashi biyu, a 1835 da 1840. A ciki ya nuna cewa zamanin gadon mulki ya wuce, amma ya yi gargaɗin cewa masu rinjaye ma suna iya zaluntar marasa rinjaye.

Ko a wajen aure bai bi al'adar gidansu ba. A 1835 ya auri Mary Mottley, 'yar Ingila wadda ba jinin sarauta ba ce, duk da danginsa ba su so ba. Ba su samu haihuwa ba.

Ya shiga majalisar dokoki a 1839, ya riƙe ministan harkokin waje na 'yan watanni a 1849. Da Louis-Napoléon ya yi juyin mulki a Disambar 1851, an tsare shi na ɗan lokaci saboda ya ƙi amincewa, daga nan ya bar siyasa.

Sai dai 'yancin da ya yi wa hidima bai kai ga Aljeriya ba. Ya ziyarci ƙasar a 1841 da 1846, ya goyi bayan mulkin mallaka, har ya kare ƙona amfanin gonar jama'a a yaƙin da Faransa ta yi da Amir Abdulƙadir. Wannan tabo ne da masana tarihi ke muhawara a kai har yau.

Tarin fuka ya kashe shi a Cannes ranar 16 ga Afrilun 1859, yana da shekara 53. An binne shi a ƙauyen Tocqueville da ke yankin Normandy, inda gidan kakanninsa yake.