Arturo Toscanini

Arturo Toscanini (an haife shi ranar 25 ga watan Maris, 1867, ya mutu ranar 16 ga watan Janairu, 1957) jagoran makaɗa ne ɗan ƙasar Italiya. Ya shafe shekara 68 yana jagorantar manyan ƙungiyoyin kiɗa da wasannin opera a Turai da Amurka, daga 1886 zuwa 1954. Ya riƙe gidan opera na La Scala da ke Milan, da Metropolitan da ke New York, da ƙungiyar makaɗan Philharmonic ta New York, da kuma ta gidan rediyon NBC. An san shi da ƙarfin hadda, da tsanani wajen aiki, da kuma ƙin sunkuya wa gwamnatin Mussolini da ta Hitler.

Aikin jagoran makaɗa

A kiɗan fada na ƙasar Hausa, irin na Ibrahim Narambaɗa ko Salihu Jankiɗi ko Musa Ɗanƙwairo, shugaban ƙungiya shi ne ke ɗauko waƙa da bakinsa, 'yan amshi su karɓa, masu kotso ko taushi su bi. A okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗan Turawa da kan kai mutum tamanin zuwa ɗari, jagora ba ya waƙa kuma ba ya taɓa abin kiɗa. Yakan tsaya a gaban makaɗa ya ba 'yan kallo baya, da 'yar siririyar sanda a hannu, yana nuna saurin kiɗa da inda za a ɗaga sauti ko a sassauta, da lokacin da masu goge ko masu busa za su shigo. Kiɗan a rubuce yake tun da farko, sau da yawa ma wanda ya tsara shi ya daɗe da mutuwa, don haka mafi yawan aikin jagora a wurin gwaji ake yin sa, kafin jama'a su taru. Opera kuwa wasan kwaikwayo ne da ake rera dukkan maganganunsa tare da kiɗa. Asalin kalmar a harshen Italiya tana nufin aiki, kamar yadda maestro, laƙabin da ake kiran jagora da shi, ke nufin malami.

Farkon rayuwa

An haifi Toscanini a birnin Parma da ke arewacin Italiya, a unguwar talakawa. Mahaifinsa Claudio tela ne, kuma yana cikin waɗanda suka bi Garibaldi a yaƙe-yaƙen haɗa kan Italiya. Yana ɗan shekara tara ya shiga makarantar koyon kiɗa ta Parma, inda ya ƙware a kan celo, wani babban goge da ake kafa shi a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Ya gama a 1885 da sakamako mafi daraja.

Daren Rio

A 1886 ya bi wata ƙungiyar opera ta Italiya zuwa Brazil a matsayin mai goga celo da mataimakin mai koyar da 'yan amshi. A watan Yuni, a birnin Rio de Janeiro, rikici ya ɓarke tsakanin mawaƙan da jagoransu ɗan Brazil, Leopoldo Miguez, har ya ajiye aiki ana shirin nuna Aida, wasan Giuseppe Verdi a kan wata gimbiyar Habasha da aka kama bauta a Masar. 'Yan kallo suka goyi bayan ɗan ƙasarsu. Ɗan Italiyan da ya hau don ya maye gurbinsa suka kore shi da ihu, na biyu ma haka. Da wasan ya watse a daren, da ƙungiyar ta shiga halin da ko kuɗin komawa gida zai yi mata wuya. Sai mawaƙan suka tuna da yaron nan mai celo wanda ya haddace wasan tun daga farko har ƙarshe, suka matsa masa ya karɓi sanda. Shekararsa 19. Ya jagoranci Aida da ka, ihu ya koma tafi, kuma shi ya ci gaba da jagorancin har aka gama rangadin.

Wannan al'ada ta aiki ba tare da takarda a gabansa ba ta bi shi har tsufa. Akwai baiwa a ciki, akwai kuma lalura: idonsa ba ya gani daga nesa, sai ya kawo takarda dab da fuska yake iya karanta ta, don haka dole ya haddace komai kafin ya hau dandali.

Da ya koma gida bai yar da celo nan take ba. Yana cikin makaɗan da suka yi kiɗa a daren farko na Otello a La Scala, ranar 5 ga Fabrairu, 1887, Verdi da kansa yana kula da gwaji. Daga nan ya yi shekaru yana yawo tsakanin gidajen opera na garuruwan Italiya. Shi ya jagoranci fitowar farko ta Pagliacci ta Leoncavallo a Milan a 1892, da ta La bohème ta Giacomo Puccini a Turin ranar 1 ga Fabrairu, 1896. A 1897 ya auri Carla De Martini.

La Scala da New York

A 1898 aka ba shi jagorancin La Scala, yana da shekara 31. A wancan zamani gidan opera a Italiya wurin hira ne da nuna sutura kamar yadda yake wurin sauraro. Fitilu a kunne suke, attajirai na shiga da fita yadda suka so, kuma idan wata waƙa ta yi daɗi sai a tsayar da wasa a tilasta wa mawaƙi ya maimaita ta. Mawaƙan da suka yi suna kan ƙara ko su rage yadda ransu ya so. Toscanini ya sa aka riƙa rage hasken zaure idan an fara, ya hana maimaici a tsakiyar wasa, ya ƙara yawan gwaji, ya kuma dage sai an rera abin da mai tsara kiɗan ya rubuta. Jama'a ba su karɓi wannan cikin sauƙi ba. A 1903, da 'yan kallo suka nace sai an maimaita wata waƙa a wasan Un ballo in maschera, ya ajiye sanda ya fice, bai dawo gidan ba sai 1906.

A 1908 ya tafi Metropolitan a New York tare da manajan La Scala, Giulio Gatti-Casazza. A can ya jagoranci fitowar farko ta La fanciulla del West ta Puccini a watan Disamba 1910, da shahararren mawaƙi Enrico Caruso a ciki. Ya bar gidan a 1915 ya koma Italiya, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda ya yi wasannin tara wa sojoji gudummawa, har a 1917 ya jagoranci badujalar soja a bakin daga a kan dutsen Monte Santo.

Zamansa na ƙarshe a shugabancin La Scala, daga 1921 zuwa 1929, shi ake ɗauka a matsayin ƙololuwar aikinsa na opera. A ciki ne aka yi daren 25 ga Afrilu, 1926, na fitowar Turandot. Puccini ya mutu a 1924 bai gama rubuta wasan ba, aka ba Franco Alfano ya ƙarasa. Da kiɗa ya iso inda alƙalamin Puccini ya tsaya, Toscanini ya dakatar da makaɗa, ya juyo ya sanar da jama'a cewa nan marigayin ya tsaya, aka sauke labule. Ƙarshen da Alfano ya rubuta sai a wasannin da suka biyo baya aka ji shi.

Takun saƙa da Mussolini da Hitler

Ba daga farko Toscanini ya zama abokin gabar 'yan Fasist ba. A zaɓen 1919 sunansa na cikin jerin 'yan takarar Mussolini a Milan, jerin da ya sha mummunan kaye. Amma da tafiyar ta koma ta duka da danniya, ya janye jiki, kuma bai ɓoye ba. Ya riƙa ƙin buga Giovinezza, taken jam'iyyar, a farkon wasanninsa.

Abin ya kai maƙura a Bologna ranar 14 ga Mayu, 1931. An gayyace shi ya jagoranci wasan tunawa da mai tsara kiɗa Giuseppe Martucci, aka kuma buƙaci ya fara da taken domin manyan gwamnati za su halarta. Ya ƙi. A ƙofar gidan wasan wasu 'yan jam'iyya suka tare shi suka mare shi, yana dattijo mai shekara 64. Bayan haka aka karɓe fasfonsa na wani lokaci, aka riƙa sauraron wayarsa. Shi kuma ya daina jagorantar kiɗa a ƙasarsa, kuma haka abin ya tsaya shekara 15.

Jamus ma ya juya mata baya, duk da cewa a can ne ake bikin da ya fi ƙauna. A 1930 ya zama jagora na farko wanda ba Bajamushe ba da ya yi aiki a bikin Bayreuth, wanda aka keɓe wa kiɗan Richard Wagner, ya kuma koma a 1931. Da Hitler ya hau mulki a 1933 aka fara korar makaɗa Yahudawa daga aiki, Toscanini ya soke zuwansa, ko da yake Hitler ya rubuta masa wasiƙa da kansa. Ya koma bikin Salzburg a Ostiriya daga 1934 zuwa 1937, ya kuma janye daga can a farkon 1938 da ya ga 'yan Nazi sun kusa karɓe ƙasar. A ranar 26 ga Disamba, 1936, ya jagoranci wasan farko na wata ƙungiya da mai goge Bronisław Huberman ya kafa a Falasɗinu, wadda ke ƙarƙashin mulkin Ingila a lokacin, daga makaɗan da suka gudo daga Turai. Bai karɓi ko kwabo ba, kuma a watan Janairu 1937 ya raka su Alƙahira da Iskandariya.

Shekarun rediyo

Ya jagoranci Philharmonic ta New York daga 1928 zuwa 1936. Ana ganin ya gama ke nan, sai David Sarnoff, shugaban kamfanin RCA mai gidan rediyon NBC, ya sa aka haɗa sabuwar okestira musamman dominsa. An watsa shirinsu na farko ranar 25 ga Disamba, 1937, Toscanini yana da shekara 70, kuma suka ci gaba shekara 17. Ta rediyo da faifai, daga baya da talbijin, kiɗan Beethoven da Brahms da Verdi ya shiga gidajen mutanen da ba su taɓa taka zauren wasa ba. Yawancin abin da ake saurare nasa a yau daga wannan lokaci ya fito, wato daga tsufansa, kuma da yawa an ɗauke su a ɗakin watsa shiri mai lamba 8H, wanda sautinsa busasshe ne. Mai sauraro na yanzu bai samu Toscaninin La Scala ba sai ɗan kaɗan.

Bama-bamai sun rushe La Scala a watan Agusta 1943. Da aka sake gina shi bayan faɗuwar Mussolini, shi aka kira ya buɗe shi ranar 11 ga Mayu, 1946. A 1949 shugaban ƙasa Luigi Einaudi ya naɗa shi sanata na har abada, ya yi godiya ya ƙi karɓa.

Halinsa da sukar da aka yi masa

Makaɗan da suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun sha ba da labarin fushinsa a wurin gwaji: zagi, karya sanda, jefar da takardu, ficewa. Abin da ya sa da yawansu suka jure shi ne ba ya yafe wa kansa kuskure fiye da yadda yake yafe musu. Masu suka sun ce kiɗansa na shekarun ƙarshe ya cika sauri da tauri, sukan kuma gwada shi da Bajamushe Wilhelm Furtwängler, wanda ke barin kiɗa ya miƙe ya lanƙwashe yadda ya ji a ransa. An kuma ce bai ba sabon kiɗan zamaninsa fili sosai ba, ko da yake shi ya fara gabatar da Adagio na Samuel Barber a 1938, shi ya kuma fara watsa kiɗa na bakwai na Shostakovich a Amurka a 1942. Ko batun bin rubutu sau da ƙafa da aka san shi da shi ba haka yake ɗari bisa ɗari ba, domin takardunsa sun nuna yakan yi gyare-gyare a inda ya ga sautin bai fita ba.

Mutuwa

Wasansa na ƙarshe a gaban jama'a an yi shi a zauren Carnegie ranar 4 ga Afrilu, 1954, duka da kiɗan Wagner. Ana tsakiyar wani yanki na Tannhäuser haddarsa ta ɗauke na ɗan lokaci, ya tsayar da hannu, sannan ya ci gaba har aka kai ƙarshe. A ranar aka sanar da ritayarsa, yana da shekara 87. Ya mutu a gidansa da ke Riverdale a New York yana da shekara 89, shekara biyar da rabi bayan matarsa Carla. Sun haifi 'ya'ya huɗu: Walter, da Wally, da Giorgio wanda ya mutu yana ƙarami a 1906, da Wanda wadda ta auri mai kaɗa piyano Vladimir Horowitz. An kai gawarsa Milan aka binne a maƙabartar Monumentale.